Fata, Ƙarfe da Lantarki: Sauraron Kiɗan Masana'anta a Bakin Tafkin Kainji

Kiɗan masana'anta wani reshe ne na kiɗan zamani da ake ginawa da sautukan da galibin mutane ba sa lissafawa cikin kiɗa: ƙugin inji, dukan ƙarfe, gurnanin wayar wuta, shashshakar rediyon da ya kauce wa tasha. A cikinsa akwai ɓangaren da ke ɗora waɗannan sautuka a kan gangunan gargajiya, na Afirka ko na Asiya ko na ƙasashen Larabawa, har a samu faifai guda wanda fata da ƙarfe da na'ura ke bugawa tare. Irin wannan faifai ba kasafai yake da amshi mai daɗin rerawa ba, wani ma ko mawaƙi babu a cikinsa. Waƙa ɗaya takan yi minti goma tana juya kiɗa guda, tana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan. Wanda kunnensa ya saba da nanaye ko waƙar fada yakan zauna jiran inda waƙar za ta soma, har faifan ya ƙare.

Tushen abin ya haura shekara ɗari. A 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta takarda yana kira ga makaɗa su buɗe kunne ga hayaniyar birni da ta masana'antu. Amma wanda ya fara haɗa kiɗan tsafi da na'ura ɗan Afirka ne. A 1944 Halim El-Dabh, yana ɗalibi a Alƙahira, ya aro na'urar da ke naɗar murya a kan siririyar waya, ya je ya ɗauki bikin zar, wanda mata ke yi don lallashin iskoki, ya koma ɗakin rediyo ya riƙa sarrafa muryoyin da amsa-kuwwa har suka zama wani abu dabam. Sai bayan shekara huɗu, a 1948, Pierre Schaeffer ya yi nasa gwajin a Faris da ƙarar jiragen ƙasa, kuma shi ne littattafai suka fi ambata.

Sunan da aka san kiɗan da shi ya fito ne daga Ingila a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da masana'antu ke durƙushewa, matasa na yawo ba aikin yi. Ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa kamfanin faifai mai suna Industrial Records a 1976. A Balin ta Yamma, Einstürzende Neubauten ta soma a 1980 da tarkacen ƙarfe da injin huda bango a madadin ganga. A Landan, Test Dept, wadda aka kafa a 1981, ta riƙa dukan tankuna da gangunan mai, har ta yi faifai tare da mawaƙan ma'aikatan haƙar kwal na kudancin Wales a lokacin yajin aikinsu na 1984 zuwa 1985. Da zarar mutum biyar sun tsaya suna dukan ƙarfe da hannu, kowa da nasa bugu, to sun koma ga tsarin da makaɗan gargajiya suka daɗe a kai. Wannan ne ya ja hankalin wasunsu ga kaset-kaset ɗin da masu bincike suka naɗo daga ƙauyukan Afirka da Asiya. Ƙungiyar 23 Skidoo ta yi aiki da ƙarafan kiɗa na Indonisiya. Bryn Jones na Mancesta, wanda ya yi suna da laƙabin Muslimgauze, ya gina aikinsa kacokan a kan gangunan hannu na Gabas ta Tsakiya da batun Falasɗinu, ya rasu a 1999 bai taɓa taka yankin ba.

Ginin irin wannan kiɗa yana tafiya ne a kan dabaru kaɗan. Akwai na'urar da ke yanko guntun sauti, na daƙiƙa biyu ko uku, ta ajiye shi, ta riƙa maimaita shi iya yadda ake so. Akwai akwatin ganga na lantarki, irin Roland TR-808 da ya fito a 1980, wanda ke raba lokaci gida goma sha shida daidai wa daida, mai aiki ya zaɓi gidajen da bugu zai faɗa. Sannan akwai gurɓata sauti da gangan: a tura shi cikin na'ura fiye da abin da za ta iya ɗauka, ya fito a yage, da kaushi, irin yadda lasifikar mai tallar magani ke yi idan an ƙure ta. Ƙarƙashin duka kuma ana shimfiɗa wani gurnani mai kauri wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Yau duk waɗannan suna cikin kwamfutar tafi-da-gidanka guda.

Mai sauraro a Yelwa, a bakin tafkin Kainji, yana da wata dama da mai sauraro a Landan ba shi da ita, domin sautukan da irin wannan faifai ke nema ya tsinta a bola su ne sautukan safiyarsa. A wurin mai injin niƙa, idan aka sa hannu aka wana tsohon injin dizal mai tukunya ɗaya, bugun farko yakan zo a rarrabe, tum, sai shiru, tum, sai ya riƙa matsowa kusa da juna har ya daidaita. Daga nan bel ya soma marin gefen ƙafa da nasa lissafin, dutsen niƙa ya shigo da kuka mai tsawo, mazurarin kwano yana kakkarwa a sama. Sauti huɗu ke nan, kowanne da gudunsa, suna haɗuwa suna rabuwa. A bakin ruwa akwai injinan jirage masu jigila zuwa Wara da ƙetaren Rofia, da masu ƙera kwale-kwale suna kafa ƙusa, da injinan casar shinkafa, da masu walda. Ƙaramin janareta ma yana juyawa sau 3,000 a minti guda domin ya ba da wuta mai girgiza 50 a daƙiƙa.

Mayar da aiki kiɗa kuwa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Mata uku a kan turmi guda, idan daka ya yi daɗi, sukan shiga lugude: taɓarya ɗaya na sauka wata na tashi, wannan ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe, waccan ta doki bakin turmi maimakon cikinsa domin a samu sauti mai kaifi. Maƙera na da dundufa, kuma masaba da zuga-zugi kansu suna tafiya ne a kan ƙa'ida, don idan mai zuga ya saɓa wa mai duka, ƙarfe ya huce. Manoma na da gangar noma a wurin gayya, mahauta na da kalangu. Akwai kuge na ƙarfe, akwai sambani da mata ke kaɗawa, akwai akayau a ƙafar mai rawa. A bikin Rigata na Yauri, matuƙa kan jera filafilai a kan bugun ganga, domin jirgin da hannaye da yawa ke tuƙawa ba ya miƙewa sai an sami abin da ke haɗa su.

Haɗuwar inji da gargajiya kuma ba labarin faifai kaɗai ba ne a wannan yanki. An soma gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, domin a samar da wutar lantarki. Ruwan da ya taru a bayanta ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da fadamu masu yawa, aka tashi mutane wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, tun da rayuwarsu ta noman albasa da su a kan gungu take. Kambari na Ngaski, da Shangawa, da Sarkawa masunta, kowa ya ga sauyi a gonarsa ko a komarsa. Wanda ya fito daga irin waɗannan gidaje, idan ya ji faifan da inji ke danne ganga a cikinsa, yana da hujjar ya tambaya wa ke bisa, wa ke ƙasa.

Faifan da ya fi dacewa Bahaushe ya soma da shi a wannan fanni shi ne Rûwâhîne na ƙungiyar Ifriqiyya Electrique, wanda kamfanin Glitterbeat ya fitar a 2017. An haife shi a yankin Jarid na kudancin Tunisiya, ƙasar dabino da ke bakin babban tafkin gishiri, inda garuruwan Tozeur da Nefta suke. A can akwai jama'ar Banga, baƙaƙen fata, jikokin bayin da ayarin Sahara ya kai arewa kafin Ahmad Bey ya haramta bauta a Tunisiya a 1846. Suna taruwa ne a kan sunan wani waliyyi baƙar fata, Sidi Marzuƙ, suna kiɗa da ganga da ƙarafan tafi, suna kiran rauhanai, wanda shi ne ma'anar sunan faifan. Manufar taron ba fitar da iska daga jikin mutum ba ce. Ana karɓar ta ne, a bar ta ta hau, ta yi rawarta, ta sauka. Bahaushe ya san wannan tsari a bori. Dangantakar kuwa tana da shaida a rubuce: a farkon ƙarni na 19 wani malami ɗan Tambutu, Ahmad ɗan Alƙali, ya rubuta wa mahukuntan Tunis risala yana sukar abin da baƙaƙen birnin ke yi na bautar iskoki, kuma a 1914 Baturen nan A. J. N. Tremearne ya buga littafi a kan bori wanda yawancin bayanansa daga bakin Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo su. Faifan ƙungiyar na biyu, na 2019, sunansa Laylet el Booree.

Turawa biyu ne suka kawo ɓangaren lantarkin: François Cambuzat, Bafaranshe mai jita, da Gianna Greco, 'yar Italiya mai jitar bes. Sun zauna watanni tare da jama'ar Banga suna ɗaukar sauti da hoto, sannan suka hau dandamali tare da mawaƙan jama'ar kansu, irin su Yahya Chouchen da Tarek Sultan. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta faifan da yawancin 'yan'uwansa: masu kiɗan na ciki, da sunayensu, da muryoyinsu.

Abin da kunne ke fara cin karo da shi a faifan shi ne ƙarafan tafi. Ba sa hutawa. Suna kacau-kacau a sama, da sauri, irin gudun da mai goge ke kaiwa idan ya ga 'yar bori ta kusa faɗuwa. A ƙarƙashinsu ganga na tafiya da nata nauyi, jagora na jefa baiti da Larabci, jama'a na amsawa da murya ɗaya, kuma ambaton Allah da Annabi (SAW) da waliyyai ya cika waƙoƙin. Sai can jita ta faɗo, ba don ta rera wani karin murya ba, ta zo ne a matsayin wani abin duka, gaɓa ɗaya mai kauri da ake maimaitawa, kwamfuta na ƙara mata ƙarar da ta yi kama da faɗuwar ƙofar kwantena. Hanyar sauraro mafi amfani ita ce a zaɓi abu ɗaya a bi shi. A karon farko a bi ƙarafan kawai, a ga inda suke ƙara wuta. A karo na biyu a bi amshi, a lura yadda tazarar da ke tsakanin jagora da 'yan amshi ke raguwa yayin da waƙa ke zafi. Sai a na uku a saurari injin, a tambayi kai ko yana bin makaɗan ne ko su ke bin sa. A wurare mafi kyau na faifan, injin ne ke bi. A wasu wuraren kuwa jita takan yi yawa har ta rufe gangar, kuma nan ne aikin ya fi rauni.

Ba a ɓoye yake ba cewa malamai a ƙasar Hausa sun daɗe suna yaƙi da bori, tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma mai sauraro da yawa zai ƙi faifan saboda wannan dalili, ko saboda haɗa ambaton Allah da jita. Matsayi ne da ke da tushe, ya kuma taɓa yin tasiri a kasuwar faifai ta Turai. A 1981 Brian Eno da David Byrne sun fitar da faifan My Life in the Bush of Ghosts, wanda a cikinsa suka ɗora kiɗa a kan karatun Alƙur'ani da aka naɗo daga Aljeriya. Da wata majalisar Musulmi a Birtaniya ta yi ƙorafi, aka cire waƙar daga bugun da suka biyo baya. Mai yanko sauti yana iya yanko abin da masu shi ba su yarda a taɓa ba, sau da yawa kuma bai ma san me ya yanko ba.

Nan ne babbar matsalar wannan fanni take. Ganga a ƙasar Hausa magana take yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka da faɗuwa, kuma mai kalangu yana matse igiyoyin fata a hammatarsa ya saki domin gula ta fitar da wannan hawa da sauka. Abin da yake kaɗawa take ne: na sarkin fawa, na ɗan dambe, na gidan wane. Wanda aka kaɗa wa takensa tsikar jikinsa ke tashi, ya miƙe ya yi kirari ko ya yi kyauta. Idan na'ura ta yanko daƙiƙa biyu daga tsakiyar wannan take ta riƙa juya su, ta yanke jimla ne a tsaka, ta bar gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Baƙo zai ji daɗin bugun, ɗan gida kuwa zai ji mutum yana in'ina. Haka nan akwatin ganga mai gida goma sha shida ba ya son kiɗan da ke tafiya uku-uku a kan biyu-biyu, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan garaya da na ƙwarya. Makaɗi yakan ɗan jinkirta bugu ko ya riga shi da gangan, gwargwadon ƙafar mai rawa. Na'ura kuwa takan ja kowane bugu ta ajiye shi a kan layi, kiɗan ya fito a miƙe, ba lanƙwasa.

Bayan ma'ana, suna ma yakan ɓace. Kamfanoni kan tara kiɗan Kambari da na Buganda da na tsibiran Fasifik ƙarƙashin laƙabi ɗaya, wai kiɗan ƙabilu, tamkar babu wanda ya ƙirƙira shi. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na ƙungiyar Deep Forest ta Faransa, wadda a 1992 ta yi kasuwa a duniya da waƙar reno ta wata mata mai suna Afunakwa daga tsibiran Solomon, wadda masani Hugo Zemp ya naɗa, alhali jama'a na ɗauka daga dazukan tsakiyar Afirka ta fito, kuma ba a ambaci matar a faifan ba. A al'adar da maroƙi ke jero sunan uban gida da na kakanninsa kafin ya ce komai, wannan rashin kunya ne babba. Ma'auni mai sauƙi ga kowane faifai irin wannan shi ne a juya bayansa a duba: an faɗi garin da aka ɗauki gangar, an faɗi wanda ya kaɗa ta?

'Yan Afirka da kansu sun daɗe da shiga wannan aiki, kuma nasu ya fi zama a kunne. A Kinshasa, Mawangu Mingiedi ya kafa Konono N°1, ya ƙera makirfo da maganaɗisun tsofaffin motoci domin a ji kiɗan Bazombo a cikin hayaniyar birni. Sautin ya fito a yage, yagewar ta zama alamarsu, faifansu Congotronics ya zagaya duniya a tsakiyar shekarun 2000. A Kampala, Nihiloxica ta haɗa gangunan Buganda da na'urori, makaɗan na bugawa da hannu a gaban jama'a, ta fitar da Kaloli a 2020. Kusa da gida, Mamman Sani na Yamai ya naɗi kaset a 1978 da ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya, yana mayar da karin waƙoƙin gargajiyar Nijar cikinsa. Gidan rediyo da talabijin na ƙasar sun yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013. Nasa kiɗan mai sanyi ne, ba shi da kaushin masana'anta, amma ya nuna hanya. Situdiyoyin Kano kuwa, tun ƙarshen shekarun 1990, sun rungumi fiyanon Yamaha, suka riƙa kwaikwayon kalangu da sarewa da shi. Sun zaɓi santsi da zaƙin murya, suka bar kaushi da nauyi, shi ya sa har yanzu filin a buɗe yake ga duk matashin da ke da kwamfuta da makirfo a Yelwa ko Wara ko Shanga. Abin da zai buƙata ya wuce na'ura: izinin makaɗan, a ɗauki take cikakke ba guntu ba, a rubuta sunan kowa da garinsu, a kuma yi maganar kuɗi tun kafin a kunna makirfo.

Na'urar da aka saurari faifan da ita tana sauya abin da aka ji. Kunnen ɗan Adam yana kama sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, nauyin wannan kiɗa kuwa yana can ƙasa, wajen girgiza 100 zuwa ƙasa. Lasifikar wayar hannu ta yi ƙanƙanta ta tura iskar da irin wannan sauti ke bukata, saboda haka wanda ya saurara da ita kacau-kacau ɗin ƙarfe kawai zai ji, ya ce hayaniya ce. Abin sawa a kunne mai rufe kunnen duka, ko lasifika mai babban baki irin ta masu kiɗan biki, su ke fito da gangar. Ana kuma so a ji faifan a jere daga farko zuwa ƙarshe, domin an tsara shi ne ya riƙa hawa yadda daren biki ke hawa. Waƙoƙin da aka karɓo a memori daga masu turi sukan zo a hargitse, wasu ba suna, don haka yana da kyau a nemi jerin asali a daidaita su.

Kiɗa ne da ke jan mutum ya ƙure murya, kuma kunnen da ya lalace ba ya gyaruwa, domin ƙananan gasun da ke cikinsa ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Idan aka kai desibel 90, awa huɗu ne kacal. Mai aikin injin niƙa ko direban jirgin ruwa ya riga ya cinye kaso mai yawa na wannan adadi a wurin sana'arsa kafin ya sa komai a kunne. Alamar an wuce gona da iri ita ce kunne ya riƙa ƙara bayan an kashe kiɗa, ko maganar mutane ta riƙa zuwa a dushe, kuma idan hakan ya wuce kwana ɗaya ko biyu, sai a je asibiti a duba.